Rubutun da Mamaci Ya Bari: Shari'ar Caryl Chessman, 1948 zuwa 1960

A ranar 23 ga watan Yuni 1948 wani dattijo mai suna Ernest Perry, ma'aikacin babbar kotun Los Anjalis da ke jihar Kalifoniya a Amurka, ya mutu kwatsam. Marubucin kotu ne, irin mutumin nan da ke zama a gaban kujerar alƙali, kai a sunkuye, yana ɗaukar duk kalmar da ta fito daga bakin shaida ko lauya ko shi kansa alƙalin. Ba mai kula da irinsu sai ranar da aka neme su aka rasa. Wata guda kafin mutuwarsa aka kammala wata shari'a da ya zauna mata tun daga farko har ƙarshe, ta wani saurayi mai suna Caryl Chessman. Kwana 2 bayan mutuwar, Alƙali Charles Fricke ya yanke wa Chessman hukuncin kisa.

A dokar Kalifoniya, duk wanda aka yanke wa kisa, ƙararsa takan haura Kotun Ƙolin jiha kai tsaye, ya nema ko bai nema ba. Sai dai kotun sama ba ta sake kiran shaidu. Ba ta ganin wanda gumi ya karyo masa, ba ta jin wanda muryarsa ta yi rawa. Kundi ake ajiye mata, ta karanta, ta duba ko alƙalin ƙasa ya kauce wa doka. Kundin shari'ar Chessman kuwa, a ranar da Perry ya mutu, kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai ya fito fili. Ya riga ya karanta wani ɓangare a cikin na'urar ɗaukar murya domin masu tafireta su buga, abin da daga baya ya tashi shafi 646. Ragowar, da ta tashi shafi 1,164 cikin jimillar 1,810, tana nan kwance a littattafansa, cikin rubutun da shi kaɗai ya san kansa.

A yawancin kotunanmu alƙali ne ke rubuta bayanan shari'a da hannunsa, shi ya sa ake jin yana tsayar da shaida har alƙalaminsa ya kamo shi. A can aikin na wani ma'aikaci ne daban, kuma Perry da rubutun sauri yake yi, na tsarin Pitman, wanda wani Baturen Ingila, Isaac Pitman, ya fito da shi a 1837. Sauti ake rubutawa a wannan tsari. Zane siriri sauti ɗaya ne, irinsa mai kauri wani sautin ne, kuma inda zanen ya zauna, a saman layi ko a kansa ko ya ratsa shi, shi ke nuna wasalin da aka tsallake. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar wasiƙar ajami da ba a sa mata wasali ba ya san irin wannan wahala. Kaf da ra na iya zama kura, na iya zama kira, ko kara, ko kore. Mai rubutun ya san abin da yake nufi. Mai karatu sai ya yi lalube daga abin da ke gaba da abin da ke baya. Ga shi kuma kowane marubuci da ya daɗe a aikin yakan ƙirƙiri nasa gajerun alamomi. Ga Perry ba shi da lafiya a kwanakin ƙarshe na shari'ar, hannun ya fara gaza masa.

Shi Chessman ba baƙon kurkuku ba ne. An haife shi a 1921 a jihar Mishigan, ya tashi a Kalifoniya, tun yana yaro yake shiga yana fita gidajen horon kangararru saboda satar mota, da ya girma kuma ya koma fashi. A watan Disamba 1947 aka sako shi daga gidan yarin Folsom bisa sharaɗi. A watan Janairu 1948 wani mutum ya addabi wuraren da samari da 'yan mata kan ajiye mota da dare a gefen Los Anjalis. Yakan zo da mota mai jar fitila, a ɗauka ɗan sanda ne, sai ya zaro bindiga ya kwashe abin da ke aljihunsu. Sau 2 ya fitar da mata daga mota ya ci zarafinsu, ɗayarsu yarinya ce 'yar shekara 17. Ranar 23 ga Janairu 'yan sanda suka kama Chessman bayan sun yi tsere da shi a cikin motar sata. Suka ce ya amsa laifi, shi kuma ya ce dukansa aka yi har ya faɗi abin da ake so. Matan nan 2 sun nuna shi a gaban kotu.

Ya ƙi ɗaukar lauya, ya ce shi zai kare kansa, kuma wannan jin kai ya ja masa. Amma akwai wani roƙo da ya yi tun farkon zama wanda ya dace a tuna: ya nemi a riƙa ba shi kwafin bayanan kowace rana. Fricke ya hana. Da an amince, da Perry ya riƙa juye rubutunsa kullum tun yana da rai, da kuma babu wannan labari gaba ɗaya. Ranar 21 ga Mayu masu taimaka wa alƙali, mata 11 da namiji 1, suka same shi da laifi 17 cikin 18. Bai kashe kowa ba, ba a ma tuhume shi da kisa ba. Sashe na 209 na dokar laifuka ta Kalifoniya, wanda aka tsaurara bayan sace jaririn matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh a 1932, ya ba da damar kisa ga wanda ya sace mutum domin fashi kuma ya cutar da jikinsa. Ɗaya daga cikin matan, ƙafa 22 kawai aka ja ta, daga motar da take ciki zuwa tasa. Aka ce wannan ma satar mutum ce.

Abu na farko da Chessman ya nema shi ne a sake shari'ar tunda marubuci ya mutu. A nan dokar jihar ta zo da abin mamaki. Da rikicin kuɗi ne ko na fili, alƙali yana da ikon rushe hukunci a sake sabon zama idan marubucin kotu ya mutu bai gama kundi ba. A shari'ar laifi, inda rai ne a kan siraɗi, ba a rubuta wannan tanadi ba. Fricke ya ƙi. Ranar 3 ga Yuli aka kai Chessman gidan yarin San Kwentin, kusa da San Faransisko, aka sa shi a sashen masu jiran kisa.

Ɗaukaka ƙarar ta tsaya cak. Ba a shigar da takardar hujjoji sai kundi ya iso, don haka wa'adin lauyoyi ba ya fara ƙirguwa sai marubuci ya sauke nasa nauyin. Mai gabatar da ƙara, J. Miller Leavy, shi ya tashi neman wanda zai karanta rubutun mamacin. Ya samo Stanley Fraser, marubucin kotu, tsohon abokin aikin Perry, aka ɗauke shi a watan Satumba 1948 da amincewar alƙali, a kan dala 10,000. Abin da ba a gaya wa Chessman ba shi ne Fraser surukin Leavy ne, aure ya haɗa su. A cikin watan nan, ranar 16, shugaban kwamitin zartarwa na ƙungiyar marubutan babbar kotun Los Anjalis ya rubuta wa hukumar gundumar wasiƙa yana gargaɗi. Ya ce wurare da dama a littattafan ba za su karantu ba, domin rashin lafiyar Perry ta bayyana a rubutunsa na ƙarshe-ƙarshe. Masu sana'ar ne da kansu suka faɗa, amma aka wuce.

A watan Nuwamba Chessman ya roƙi Kotun Ƙolin jiha ta dakatar da aikin, bai samu ba. Fraser ya ci gaba, wata da watanni. A yi tunanin mutumin zaune da littafin wani a gabansa, ya zo kan wata alama da ba ta yi kama da kome ba, mai ita kuma yana kabari. Wa zai tambaya? Ya tambayi wanda ke kusa. Tare da Leavy ya riƙa bin aikin. Ya kuma zauna da 'yan sanda 2 da suka ba da shaida a kan Chessman, suka bi abin da ya juye na shaidarsu, alhali shaidar ɗayansu ta shafi maganar amsa laifin nan ce da aka yi ta jayayya a kanta a kotu. A watan Fabrairu 1949 aka miƙa wa alƙali daftari, Chessman ya nemi a ba shi, ba a ba shi ba. Sai ranar 11 ga Afrilu aka shigar da kammalallen kundi, aka aika masa kwafi a kurkuku.

Ya karanta, ya fitar da gyare-gyare kusan 200. Ya kuma roƙi a yi zama, a kawo shi, a ajiye littattafan Perry a gaban Fraser a ga ko da gaske yana iya karanta su. Fricke ya ƙi kawo shi. A ranakun 1 da 2 da 3 ga watan Yuni 1949 aka yi zaman a Los Anjalis. Leavy na nan, Fraser na nan ya shaida cewa aikinsa daidai ne. Chessman ba ya nan, babu kuma lauyan da ya tsaya masa. Alƙali ya karɓi gyara kusan 80 daga cikin nasa, ya sa hannu, ya ce kundi ya cika.

Waɗannan kwana 3 su ne cibiyar labarin. Tsakanin San Kwentin da Los Anjalis tafiyar yini ce. Da an haɗa shi da gandirobobi an kawo shi, ko da an naɗa masa lauya ko da na mako guda ne, da hujjar da ya riƙe shekara 10 yana kaɗa kotuna da ita ba ta samu wurin zama ba. Ba lallai ne Fraser ya yi ha'inci ba. Mai yiwuwa iyakar ƙoƙarinsa ya yi da rubutun mara lafiya. Amma in ka tambayi ɗan sanda abin da ya faɗa watannin baya, abin da yake ganin ya kamata a ce ya faɗa shi zai gaya maka, kuma ba don yana ƙarya ba. Haka ƙwaƙwalwar kowa take. Shi ya sa ake son ɗaya ɓangaren ya kasance a wurin, ya ce a'a, ba haka aka yi ba. An ba Fraser lokaci isasshe, fiye da wata 6. Abin da aka yi rowarsa kujera ɗaya ce a cikin kotu.

A watan Mayu 1950 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce kundin ya isa a yi aiki da shi. Alƙalai 2, Jesse Carter da Douglas Edmonds, ba su yarda ba. A watan Disamba 1951 kotun ta tabbatar da hukuncin, aka sa ranar kisa a watan Maris 1952. Ranar ta zo ta wuce yana raye, haka ma waɗanda suka biyo bayanta.

Dalili shi ne a ɗakinsa na kurkuku mai lamba 2455 Chessman ya mayar da kansa lauya. Ya bi littattafan shari'a ɗaya bayan ɗaya, yana buga takardun ƙara da tafireta, yana aikawa kotunan jiha da na tarayya. A 1954 littafinsa na farko, Cell 2455, Death Row, ya fito, ya yi kasuwa, aka fassara shi cikin harsuna da dama, a 1955 aka yi fim a kansa. Da kuɗin ya samu ɗaukar lauyoyi, cikinsu akwai George T. Davis da Rosalie Asher. Hukumar gidan yari ta hana masu jiran kisa rubutun bugawa, shugaban gidan, Harley Teets, ya ƙwace masa wani rubutu, amma wasu suka fita a ɓoye. Sunan wannan Teets ɗin ne ke kan shari'ar da ta fi shahara, domin a al'adarsu wanda ke tsare, idan zai ƙalubalanci tsarewar, mai riƙe da mabuɗin yake kaiwa ƙara.

Da maganar surukuntar ta fito, Chessman ya ɗaga murya: ya ce Leavy da Fraser sun haɗa baki sun shirya kundin bogi, an zubar da wasu maganganun da aka yi a gaban masu taimaka wa alƙali waɗanda da sun isa a rushe hukunci. Ranar 17 ga Oktoba 1955 Kotun Ƙolin Amurka ta ce zargi irin wannan ba a kore shi ba tare da an saurara ba. A watan Janairu 1956 Alƙali Louis Goodman na kotun tarayya a San Faransisko ya yi zaman, ya ji shaidu, ya ce bai ga ha'inci ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayansa.

A shekarar nan ne, cikin Afrilu, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wata shari'a daga jihar Ilinoi da ta nuna inda iska ta dosa. Wasu mutum 2, Judson Griffin da James Crenshaw, an ɗaure su kan fashi da makami, ba su da kuɗin sayen kundin shari'arsu, kuma ba kundi ba cikakkiyar ɗaukaka ƙara. Da rinjayen 5 da 4 kotun ta ce jihar da ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ba ta da ikon rufe ta ga talaka saboda kuɗin takarda. Kundi ya tashi daga aikin akawu, ya shiga sahun haƙƙin da tsarin mulki ke karewa.

Ranar 10 ga Yuni 1957 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar Chessman da Teets. Babban Jojin ƙasar, Earl Warren, bai zauna ba, shi ne gwamnan Kalifoniya lokacin da aka yi shari'ar farko. Cikin sauran 8, alƙalai 5 suka ba Chessman gaskiya, Mai Shari'a John Marshall Harlan ya rubuta hukuncin. Bai ce kundin ƙarya ne ba, bai ce Chessman ba shi da laifi ba. Abin da ya ce shi ne tantance kundi wani ɓangare ne na shari'ar kanta, tunda a kansa za a tsayar da rai ko a ɗauke shi, don haka yin sa a bayan idon mai ƙara, ba shi ba lauyansa, ya saɓa wa adalcin da tsarin mulki ya wajabta. Ya ce ƙin lauyan da ya yi a lokacin shari'a ba ya nufin ya yafe wakilci a wannan zama. Ya kuma nuna cewa tsawon shekarun da aka ɓata ba hujja ba ne na rufe ido, domin tsarin mulkin ne ke gaban kotu, ba halin mai ƙara ba. Aka ba Kalifoniya lokaci daidai gwargwado ta sake tantance kundin yadda ya kamata, in ta kasa a sake shi.

Cikin waɗanda suka saɓa akwai William O. Douglas, mutumin da aka sani da tsaya wa waɗanda ake tuhuma. A ganinsa Chessman wasa yake da kotuna, yana jan lokaci har shaidu su yi sanyi, kuma duk tsawon shekarun bai nuna kuskure ɗaya ƙwaƙƙwara da zai canza sakamako ba. Douglas yana da tasa gaskiyar. Chessman bai bar wata kafa da bai bi ba, kuma matan da aka ci zarafinsu su ma shekarun nan suka yi suna jira, suna ganin hoton wanda suka nuna a kotu a bangon littattafai da shafukan jaridu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba shi ya tsaga bangon ba.

Zaman da aka ƙi yi a 1949 sai aka yi shi daga ƙarshen Nuwamba 1957 zuwa Fabrairu 1958, a gaban wani alƙali daban, Walter Evans. A wannan karon an kawo Chessman Los Anjalis. Aka fito da littattafan Perry, aka kira masana rubutun sauri, aka yi wa Fraser tambayoyi. Abin da Fricke ya gama a kwana 3 ya ci wata 3. A ƙarshe Evans ya ba da umarnin gyara wajen wuri 2,000, sannan ya ce da waɗannan gyare-gyare kundin ya isa. Kowane ɓangare ya karanta wannan adadi yadda yake so. Masu goyon bayan Chessman suka ce kundin da ke buƙatar gyara 2,000 ai ba kundi ba ne, kuma a kansa aka sa wa mutum ranar mutuwa sau da dama. Ɓangaren gwamnati suka ce gyare-gyaren ƙanana ne, ba su taɓa ƙashin shari'ar ba. Abin da ba wanda zai iya gyarawa shi ne shekara 9 da rabi da suka shige. Ƙarin lokaci yana da amfani idan akwai abin da za a samo a cikinsa, kamar littafin da ya ɓata ko marubucin da ke jinya. Idan kuwa tunanin mutane za a dogara da shi, kowane wata da aka ƙara ragewa yake yi. A 1949 akwai waɗanda za su iya tuna abin da alƙali ya ce wa masu taimaka masa a rana kaza. A 1958 wa zai rantse a kai?

Ranar 7 ga Yuli 1959 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta sake tabbatar da hukuncin a kan gyararren kundi. A watan Disamba Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sake sauraro. Maganar rubutun Perry ta ƙare a nan.

Matsalar kanta ba ta ƙare ba. A 1963 Kotun Ƙolin ta sake cin karo da marubucin da ya mutu, a shari'ar Willie Norvell, wanda aka ɗaure a Ilinoi tun 1941. Douglas ne ya rubuta hukuncin, ya ce tunda mutumin yana da lauya a lokacin shari'arsa kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan kari ba, ba dole ba ne jiha ta sake masa shari'a don kundi ya gagara. Ƙa'idojin ɗaukaka ƙara na kotunan tarayya, da suka fara aiki a 1968, daga baya sun ba marubuci kwana 30 ya miƙa kundi, in ba zai iya ba ya nemi ƙarin wa'adi daga magatakardan kotun sama. Idan kundin ba zai samu ba sam, mai ɗaukaka ƙara ne ke fara rubuta abin da ya faru daga duk abin da ya iya samu, har da abin da ya tuna, a miƙa wa abokin shari'arsa ya yi nasa ƙorafin, sannan alƙali ya daidaita. Wato alƙalamin farko a hannun wanda aka yanke wa hukunci yake. Ita ma Kalifoniya daga baya ta toshe giɓin dokarta, ta ba kotu ikon sake shari'ar laifi idan marubuci ya mutu ko rubutunsa ya salwanta. A 1969 kuma, a shari'ar Daniels, Kotun Ƙolinta ta janye daga fassarar da ta yi amfani da ita a kan Chessman, ta ce ɗan matsar da mutum a cikin fashi ba shi ne satar mutum ba.

Chessman bai ga yawancin wannan ba. An sa masa ranar kisa, 19 ga Fabrairu 1960. Gwamna a lokacin shi ne Edmund Brown, wanda ake kira Pat, kuma abin ya zo masa a murɗe: shi ne babban lauyan gwamnatin jihar daga 1951 zuwa 1959, ofishinsa ne ya yi ta fafatawa da Chessman a kotuna, amma a ransa ba ya son hukuncin kisa. Wasiƙu suka yi ta kwarara ofishinsa daga Turai da Kudancin Amurka. Eleanor Roosevelt da Albert Schweitzer da Aldous Huxley sun sa baki, jaridar Fadar Batikan ma ta yi roƙo. Sai dai tsarin mulkin jihar ya ɗaure hannun gwamna: wanda aka taɓa samu da babban laifi fiye da sau 1, ba a sassauta masa sai Kotun Ƙolin jiha ta ba da shawarar haka. Kotun ta ƙi, 4 da 3.

Ana saura sa'o'i, Brown ya ba da jinkirin kwana 60. Ɗansa Jerry, wanda shi ma daga baya ya zama gwamna, ya buga masa waya yana roƙo a daren. A fili kuwa gwamnan ya kafa hujja da saƙon Ma'aikatar Harkokin Waje, cewa gwamnatin Yurugwai na fargabar zanga-zanga idan Shugaba Eisenhower ya isa ƙasar a ziyarar da yake shirin kaiwa Kudancin Amurka. Ya kuma kai wa majalisar jiha ƙudurin soke hukuncin kisa, kwamitin shari'a na majalisar dattawa ya kashe shi da ƙuri'a 8 da 7. Wannan shi ne jinkiri na 8. Aka sa sabuwar rana, 2 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe.

Da safiyar ranar mutane sun taru a ƙofar San Kwentin, wasu a nan suka kwana, cikinsu har da ɗan fim Marlon Brando. Davis da Asher suka fara zuwa Kotun Ƙolin jiha, aka sake ƙi. Daga nan suka ruga kotun tarayya, suka shiga ofishin Louis Goodman, alƙalin nan da ya ce bai ga ha'inci ba a 1956, ana dab da ƙarfe 10. Ya saurare su a gurguje, ya yarda ya ba da ɗan jinkiri domin ya ji hujjarsu sosai. Ya ce wa sakatariyarsa ta kira gidan yari. Wajen juya lambar wayar aka tsallake lamba 1, kiran bai shiga ba, sai da aka sake. Da mataimakin shugaban gidan yarin ya ɗauka, ya ce an riga an saki ƙwayoyin guba a cikin ɗakin gas ɗin da ake zartar da kisa, kuma ba a buɗe ƙofar bayan haka. Da ƙarfe 10:12 likita ya tabbatar da mutuwarsa. Yana da shekara 38, ya yi shekara 11 da wata 10 a sashen masu jiran kisa.